Alƙibla Tana Yamma

Me ke sa mutumin da ya yarda ya tsare ɗan'uwansa da makami ya kasa gitta gaban mai salla? Hausawan unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou sun tauna wannan tambaya a kan tuwo har sun gaji. Shi kansa Gidaɗo, da abin ya faru a kansa, bai san amsar ba.

Da jarin shagon mahaifinsa na Kantin Kwari ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin, zai sari riguna a kasuwar Canaan ya koma. Kafin ya gama ciniki naira ta faɗi. Abin da zai cika kwantena ya koma 'yan buhuna. Ya ce zai jira ta farfaɗo, biza ta mutu yana jira. Daga nan ya koyi sauran karatun garin. Tasi ta rage gudu, direba ya ga fatarsa, ya ƙara wuta. Mai gidan haya ya kaɗa hannu ya ce "Mei yo," babu ɗaki, alhali tallan neman ɗan haya yana manne a ƙofar. Buri ɗaya ya rage masa: kada ya sauka Kano hannu rabbana, ya tarar da tsohon zaune a bakin shago babu kaya.

A ɗakin Madina aka ƙulla abin. 'Yar Damagaram ce mai sayar da tuwo a ɓoye a saman wani bene, ita da 'yarta Amira. Tana kicin, su uku suna lungu: Gidaɗo, da Abdulgafar direban motar ɗaukar kaya, da Shitu, wanda rabonsa da alwala tun kafin ya hau jirgi.

"Alhaji Umar Faruƙ mai kago, mai tura wa fatake kaya gida," Shitu ya ce ƙasa-ƙasa. "Dalolin fatake duk a ofishinsa suke kwana. Da azahar yana korar ma'aikata cin abinci ya yi salla shi kaɗai, akwatin ƙarfen a buɗe. Akwatin yana bangon yamma. Zai kalli gabas, ya ba shi baya. Mu shiga, mu ɗiba, mu fece kafin ya sallame."

"Bahaushe ne fa," Gidaɗo ya ce.

"To mu Sinawa ne? Ka taɓa zuwa ya ɗauke ka dako?"

"Na je."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba ya harka da marasa takarda."

"Ka ji ɗan'uwan naka ke nan. Baaba, daina yi min fuskar liman." Shitu ya tura masa bindigar roba ta ƙarƙashin tebur, irin wadda ake sarinta da kwali a kasuwar kayan wasan yara. "Riƙe wannan. Wuƙar tana wurina, don ado kawai."

Abdulgafar ya yi dariya da tuwo a baki.

Rana tsaka suka isa rumbun kayan, can wajen filin jirgin Baiyun. Takunkumi a fuska, hula har gira. Abdulgafar ya tsaya a mota, inji yana aiki. Suka haura bene. Gidaɗo ne a gaba. Ya tura ƙofa da ƙafa.

Ya ƙame.

Alhaji yana tsaye a kan darduma, ya ɗora hannu a ƙirji, fuskarsa tana kallon akwatin. A wannan gari alƙibla yamma take. Gidaɗo ya san haka, kullum can yake fuskanta, amma bai taɓa tambayar kansa wane bango Shitu yake nufi ba. Ofishin tsukuku ne, kwalaye har rufi. Hanyar akwatin ɗaya ce: tsakanin goshin Alhaji da bango.

"Wuce mana," Shitu ya raɗa masa.

"Salla yake."

"Na ga ai ba rawa yake ba. Wuce!"

"Bari ya sallame."

Gidaɗo ya tokare hanya da hannu. Ɓarayi biyu, ɗaya da wuƙa ɗaya da abin wasan yara, suka tsaya a ladabce suna jiran wanda suka zo yi wa fashi ya gama ganawa da Ubangijinsa.

Alhaji ya ji su. Ƙeyarsa ta jiƙe da gumi. Ya yi ruku'u, ya daɗe. Ya yi sujada, ya ƙara daɗewa. Mutumin da ma'aikatansa suka sani da salla kamar kaza tana tsattsagar hatsi, yau ya zama waliyyi. Ko tsoro ne ko wayo, shi ya sani.

A shagon taliya na ƙasa, akawunsa, wata Basiniya, ta duba wayarta da ke haɗe da kyamarar ofis. Ta ajiye tsinken cin abinci. Ta kira 'yan sanda.

"Raka'a nawa ce azahar ɗin ubansa?" Shitu ya ce. Ya bangaje Gidaɗo ya kutsa.

Alhaji ya miƙa hannu ya tare shi, yadda aka koya wa kowane ɗan makarantar allo ya tare mai gitta masa salla. Hannun ne ya yi abin da ya saba. Shitu ya ɗauka cafke shi za a yi.

Wuƙar ta sauka — jini ya fesa a kan kwalaye!

Alhaji ya zube yana salati. Shitu ya tsallake shi, ya wawuri jakar daloli daga akwatin, ya yi waje. Gidaɗo ya tsaya kallon dardumar da ke shan jini, sai da ya ji jiniya daga nesa ƙafafunsa suka tuna aikinsu.

Ya sauko da gudu. Motar ta riga ta fara tafiya. Ya kama ƙofa.

"Shitu, buɗe!"

"Koma ka ja masa salla, liman."

Ƙofar ta buɗe, takalmin Shitu ya same shi a ƙirji — ya faɗi a kwalta, motar ta sha kwana.

Ba su yi nisa ba. A garin da kowace fitilar titi take da ido, Abdulgafar ya zo fashi da motar wurin aikinsa, lambarta tas. A wata gada aka tare su. Tun kafin a rufe ƙofar motar 'yan sanda Shitu ya fara waƙa: shi ɗan rakiya ne, wanda ya tsere shi ne ogan, shi ya yi saran. Hoton kyamara ya nuna baƙaƙe biyu masu takunkumi. Babban jami'in ya kalla sau ɗaya ya ture. Bai ga bambanci ba, bai kuma ga dalilin wahalar nema ba. Ya ba da umarni a buga duk ƙofar da baƙar fata yake bayanta.

Aka buga. Masu gidaje, waɗanda dama can neman dalili suke, suka watso kayan mutane a titi. Fatake masu biza lafiyayya suka kwana a ofishin 'yan sanda. Ɗalibai 'yan Kano da ba su taɓa jin sunan Gidaɗo ba suka rasa ɗakunansu. Hannun Alhaji kuwa likita ya ce ba zai sake damƙa ba.

Gidaɗo yana ɗakin ajiyar Madina, bayan buhunan shinkafa. Ta lunguna ya iso, ƙirji a kumbure. Yana nan ya ji an buga ƙofa, ya ji an karanto sunansa a karkace.

"Mei yo," Madina ta ce. Babu.

Jami'in ya yi magana a wayarsa, wayar ta fassara da muryar mace mai sanyi: za su dawo da mai gidan da izinin bincike. In aka same shi, takardar zamanta da makarantar 'yarta sun tafi tare da shi.

Da suka sauka ta buɗe ɗakin ajiyar.

"Ƙanena, ka ji da kunnenka. Fita da ƙafarka."

"Yaya Madina, ba zan sauka Kano da ankwa ba."

"Wa ya ce maka Kano za su kai ka?"

"Wallahi ban sari kowa ba. Ni na ce a jira shi ma."

"Sannu da tsoron Allah. Ka ji kunyar darduma, ni ba ka ji kunyata ba? A kan tuwona kuka shirya wannan ƙazantar."

"Ki ba ni kwana biyu. Zan san yadda zan yi."

"Tun da na san ka kake sanin yadda za ka yi."

Ya sunkuyar da kai. Bai motsa daga bayan buhunan ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja ƙofar.

Washegari da hantsi aka sake bugawa. Ta tsagin ƙofa Gidaɗo ya hango Amira a tsakar ɗaki da kayan makaranta, jaka a baya, tana kallon takalman 'yan sandan. Wayar jami'in ta sake tambayar inda yake da muryarta mai sanyi. Madina ta jawo yarinyar ta manna fuskarta a zaninta. Ta matsa gefe, ta nuna musu ɗakin ajiyar da baki.