Wuta Tana Cin Maƙeri

"Baba, don girman Allah kada ka jefa!"

Ya jefa.

Littafina ya faɗa tsakiyar wutar karan da ake ƙonawa a ƙofar gidanmu, ni kuma na durƙushe ina ihu.

Shekara biyu ina rubuta shi!

Wasa ne na ƙirƙira lokacin da yajin aikin jami'a ya zaunar da ni a Kiru. Ni nake jan labarin, da garuruwansa da dodanninsa, kowa ya zaɓi jarumin da zai zama, sai a jefa ƙwayar lido a ga ko ya ci yaƙi. Duk Juma'a bayan la'asar muke yi a zaure, ni da ƙanwata Hamdiyya da Abdulhadi, ɗan yayar Ummanmu. Shekara uku kacal ya yi a birni, ya dawo yana yi wa mutane magana ta hanci. Wai shi Umma take yi wa sha'awata. Mtsw!

Kullum yarima yake zaɓa. To, da me zai zaɓa?

Ɗan'azumi kuwa fartanya ya kawo wa Baba daga maƙerarsu, ya tsaya yana saurare har na ce ya zauna.

"Wa kake so ka zama?"

"Maƙeri."

Abdulhadi ya tuntsire da dariya. "A wasan ma? An ba ka damar zama sarki, ka koma gindin zugazugi?"

"Takobin da yarimanka yake taƙama da shi, wa ya ƙera?"



Na buɗe sabon shafi na rubuta: Maƙerin Yaƙi. Makaminsa guduma. Yana gyara wa abokansa makamai a fagen fama. Wuta ba ta cin sa. Ai haka muka taso muna ji game da maƙera. Ya karanta, ya yi murmushi kawai.

Wannan murmushin ne ya gama da ni, wallahi.

Bayan wata biyar ya turo kawunsa neman izinin aurena. Umma ta yatsina fuska kamar ta sha tsamiya.

"Jikar malamai a gidan gawayi? Khairiyya, kanki ɗaya kuwa?"

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai yariman namu ya zagaya ya tsuguna gabansa, wai maƙeri ya mayar masa da zaure gidan caca. Shi ya sa ran nan Baba ya shigo muna tsaka da wasa, ya fizge littafin ya nufi wutar.

Ban ga tasowar Ɗan'azumi ba. Hannunsa kawai na gani cikin wutar har gwiwa. Ya zaro littafin, ya danne shi a ƙirjinsa sai da wutar ta mutu.

Hamdiyya ta saka salati.

"Ku daina wani salati," in ji Abdulhadi yana taɓe baki. "Surkullensu ne, wuta ba ta cin su."

Baba ya ce, "Buɗe hannunka, yaro."

Ya buɗe. Fatar ta saluɓe...

"Malam, da ba ma jin zafi, da ba mu ƙera awartaki ba," ya ce a hankali. "Yau ne ban zo da shi ba."

"Saboda takarda?"

"Rubutunta ne."

Kuka ya ƙwace mini. Ko kunyar Baba ban ji ba.

Kwana uku Baba yana karanta littafin nan mai ƙonannen gefe. Ran na huɗu ya tara mu.

"Ban ga caca ba. Ƙwayar lidon dai a daina jefa ta, ba na son ta." Ya juya. "Abdulhadi, ka ce caca ce?"

"E to... Baba, wato..."

"Na ƙirga sunanka a shafi goma sha tara. Kai ne babban ɗan cacar ke nan?"

Tun daga ranar sai dai mu hango ƙeyarsa a kan acaɓa. Yarima!

Umma ta daɗe tana fushi. Amma ita ce da kanta ta riƙa aika Hamdiyya da zuma a shafa wa ƙunar, tana faɗa tana cewa kada a ce daga wurinta ne.

Bayan sallar layya aka ɗaura aurena da Ɗan'azumi.

A ɗakina na ciro littafin, na buɗe shafinsa na ɗauki biro.

"Me za ki yi, Khairina?"

"Ƙarya na yi maka, masoyina."

Ya dafa takardar da hannun nan mai tabo don kada ta motsa. Na soke layin nan na wuta, na rubuta a ƙasansa:

Wuta tana cin sa. Yana shiga.