Furannin Ƙyallen Zaliha

Saura kwana shida a ɗaura auren Zaliha da Halidu. Da hantsi tana zaune a tsakar gidansu a Sabon Gida, ta baza ƙyallayen da ta roƙo wajen wani tela a Madawa: ja, fari da baƙi, su kaɗai ya samu ya ba ta. A fuwaye, inda ake koya wa mata ɗinki, madam ta nuna musu yadda ake fure da ƙyalle. A yanka, a tara, a ɗaure kan waya da zare, sai daga ƙarshe a buɗe kunnuwan. Zaliha ta ɗaure talatin don ɗakin amarcinta, ba ta buɗe ko ɗaya ba tukuna.

Sai ga Gwaggo Baraka, ƙanwar uban Halidu, ta kawo lalle a ƙwarya, tana tafe tana ɗaga hanci kamar raƙumin da ya ƙoshi. Idonta ya sauka kan tabarma. Ƙwaryar ta suɓuce.

— Innalillahi! Ke ɗiyar Isuhu, mi na na wanga?

— Huranni na, Gwaggo.

— Huranni! Ja, hwari, baƙi, a ƙulle? Irin su kakanki Ɗangana ka ɗaura ma tsamiya in za shi yanka ma iskoki! Ashe ƙulle muna yaro kinka yi!

Gaskiya ne kakan Zaliha azne ne, amma ubanta ya fi shekara ashirin yana sahun gaba a masallaci. Gwaggo ba ta tsaya ji ba, ta fita da gudu tana kururuwa.

Ba a jima ba ta dawo da Arzika, wan Halidu, tsohon soja, da dorina a hannunsa. Ko sallama babu. Tsula! a gadon bayan Zaliha. Tsula! a wuya. Zaliha ta kife kan furanninta, ya taka mata yatsu da takalmin soja har ta ji ƙas. Inna Biba, uwarta, ta riƙo rigarsa, ya wancakalar da ita ta bugu da rumbu.

— Yaya Arzika! Bari!

Halidu ne ya yar da keke a ƙofa, ya faɗa kan Zaliha. Dorinar ta same shi a fuska, gira ta tsage, jini ya sauko har cikin ido.

— Kun gani? in ji Gwaggo, tana tafa hannu. Asirin ya ci shi! Wane namiji ka tare bulala don mace?

Sai ga yayyen Zaliha biyu daga garkar albasa, ɗaya da gatari, ɗaya da hauya. Arzika ya ja da baya ya zaro wuƙa. Zaliha ta rarrafa ta rungume ƙafar mai gatarin, hawaye na zuba.

— Yaya, don Allah aje! In kunka zubda jini, ni da Halidu mun rabu har abada. Ni anka buga, kuma na yahe.

Ya tsaya yana huci. Can ya sauke gatarin.

Bayan azahar aka taru a ƙofar liman Malam Ibrahim. Uban Halidu ya ce ya fasa, ba ya haɗa jini da masu tsafi. Gwaggo ta rantse cewa cikin kowane ƙulli akwai gashin Halidu da ƙasar sawunsa.

— To, a kwance su, in ji liman.

Gwaggo ta ce ita ba ta taɓawa ko da sanda. Zaliha ce ta kwance, da yatsu kumburarru, da haƙori inda yatsa ya gaza. Ɗaya, biyu, goma, ashirin da tara. Ƙyalle, zare, waya, ba komai. Na ƙarshen kuwa ba ta kwance shi ba. Ta buɗe kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, sai ga fure ja da farar tsakiya a tafin hannunta.

— Wanga shi na tsahin? in ji liman. Arzika, ka bugi ɗiyar mutane kan guntun atamfa.

Uban Halidu ya sunkuyar da kai. Ya tashi da kansa ya kama hannun Isufu, uban Zaliha, ya nemi gafara, ya sa Arzika ya durƙusa gaban Inna Biba a idon jama'a. Gwaggo kuwa ta leƙa furen ta gefen ido, ta ce cikin hanci:

— Ni dai tun hwarko na ce yarinyag ga tana da hannu.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, ango da ɗinki uku a gira, amarya da yatsa biyu a ɗaure. Ƙawayenta ne suka sake haɗa furannin, tana zaune tana ba su oda kamar madam.

Ƴan'uwana, kafin ku ɗaga hannu ku tambaya, kuma kada ku auna mutum da abin da kakansa ya yi. Da Zaliha ta saki ƙafar yayanta ran nan, da gawa aka fitar daga gidan Isufu. Haƙurin da ta yi cikin zafin duka shi ya kai ta ɗakin Halidu.