Mai Fitilun Bayan Labule

"Ki cire ni daga fim ɗin nan, Auta."

Saura kaɗan kyamarar ta suɓuce daga hannunta. Ta ɗaga kai ta dube shi can saman tsani yana ɗaure wata fitila, ko kallon inda take bai yi ba.

"Dogo... me ka ce?"

"Kin ji ni."

"Sauko ka faɗa min ina kallon idonka!"

Bai sauko ba. Ya ci gaba da murɗa ƙusa kamar ransa a jikinta yake.

Wata da watanni take shirya wannan fim, aikinta na farko tun da ta gama karatu. Ba labarin 'yan wasan da ake yi wa tafi za ta ɗauka ba. Labarin mutanen bayan labule take so: kafintan da ke haɗa ɗakunan katako, masu jan labule, Gwaggo mai ɗinka kayan wasa, sai Dogo mai fitilu. Neman labari ya kawo ta gidan wasan kwaikwayon, amma tun ranar da ya cire hularsa ya kaɗe mata kujera, zuciyarta ta daina jin maganarta.

Ga shi jibi za a fara ɗauka!

Da gudu-gudu ta faɗa ɗakin ɗinki.

"Gwaggo, me aka yi masa?"

Gwaggo ta cire allura daga bakinta, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Yayanki ya zo jiya."

"Yaya? Nan?"

"Jarumi ne ya kai masa gulma har ofis. Wai ƙanwarsa ta fake da fim tana bin mai hawa tsani."

Auta ta dafe bango. Jarumi shi ne babban ɗan wasan gidan. Ya daɗe yana nemanta tana kaucewa, kuma har yau bai huce ba da ta ce fuskarsa ba za ta fito a fim ɗin ba.

"Me Yaya ya ce wa Dogo?"

"Ya ce in da gaske yake sonki, ya bar aikin nan ya nemi wanda za a iya faɗa a gaban mutane. Shi kuma sarkin zurfin ciki har ya samo aiki a shagon kayan lantarki. Ƙarshen mako zai ajiye mana aiki."

Ta koma ta tarar Dogo ya sauko yana naɗe waya.

"Shago, Dogo? Kai?"

"Saboda ke ne, abar ƙaunata."

"Kar ka kira ni haka!" Ta matso kusa da shi. "Ina haɗa fim don in nuna wa duniya aikinku ba abin kunya ba ne, kai kuma za ka bar shi saboda ni? To me zan nuna? Ƙarya?"

"Ki nuna su Gwaggo."

"Na ga fuskarka duk lokacin da ka kunna fitilun nan. Ranar da ka daina, ni za ka riƙa kallo kana tuna abin da na raba ka da shi..."

Sai yanzu ya dube ta. Idanunsa sun yi ja.

"In na zauna, na rasa ki. Faɗa min yadda zan yi."

Ta juya ta fice.

A gida ta tarar da Yaya a falo. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne babba, maganarsa ba a mayar da ita. Mama na gefen taga a kan keken ɗinkinta.

"Yaya, don Allah ka saurare ni..."

"Na gama magana, Auta."

"Ba ya sata, ba ya roƙo. Aiki yake yi!"

"In abokaina suka tambaye ni sana'ar mijin ƙanwata, in ce me? Yana kunna wa 'yan wasa fitila?"

"Ka ce haka mana!"

"Ke! Ni kike ɗaga wa murya?"

Ta juya wajen Mama tana neman ceto. Mama ba ta ce uffan ba, keken kawai ya ci gaba da ƙara. Wannan shirun ya fi faɗan Yaya tayar mata da hankali. Ta shige ɗaki, abinci ma ya gagare ta.

Washegari da safe sai ga Mama ta fito da jakarta a hannu.

"Babba, ɗauko mota. Ka kai ni in ga wurin."

Duk hanya Auta tunani take yi. Me Mama za ta yi? Za ta tsinka shi a gaban abokan aikinsa? Za ta hana fim ɗin gaba ɗaya? Ta yi ta kiran wayar Dogo don ta gargaɗe shi, bai ɗauka ba.

Sun iske ana gwajin wasa. Jarumi ne ya fara hango su, ya taho cikin doguwar rigar wasa yana ta washe baki.

"Sannu da zuwa, Mama! Ga kujerun gaba, ku zauna ku ga yadda muke yi."

Mama ta amsa gaisuwarsa, ta kama bakin rigar ta juya cikinta, ta daɗe tana duba ɗinkin.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ai... masu aiki ne, suna can baya."

"To can na zo."

Ta wuce shi, bakinsa a sake.

Bayan labule duhu ne da zafi, ga wayoyi a ƙasa, ga ƙamshin fenti da katako. Mama ta tsaya tana kallon masu tura bangon katako ba tare da ko tari ba. Ta leƙa ɗakin Gwaggo, suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, har da duba yatsun juna suna dariya. Yaya kuwa yana tsaye a bakin ƙofa ya haɗe rai.

Auta ta ɗaga kai. Dogo na saukowa daga tsani.

Ya durƙusa har ƙasa, rigarsa jiƙe da zufa.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau. Kai ne za ka bar aikinka?"

"Ni ne."

"Ba ka son shi ne?"

Auta ta runtse ido.

"Ina son shi, Mama. Amma na fi sonta."

"Wa ya ce sai ka zaɓi ɗaya?"

"Ni na ce," in ji Yaya.

Mama ta juya gare shi, ta rage murya yadda su kaɗai za su ji.

"Babba, ka taɓa jin an kira sunana a wajen bikin da na ɗinka wa kaya? Amarya ake yaba wa. Da kuɗin keken ɗinkina ka yi karatu. In abokanka suka tambaye ka sana'ar uwarka, me kake ce musu?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa.

"Ki yi haƙuri, Mama." Ya dubi Dogo. "Tashi. Ka riƙe aikinka. Ka gaya wa manyanka su zo su same ni."

"Yaya!" Ta ruga ta riƙe hannunsa, hawaye na zuba.

"Sakar min hannu, kar ki ɓata min riga. Kai kuma," ya nuna Dogo da makullin, "in ka faɗo daga saman nan ka bar min ƙanwa da kuka, ni da kai ne."

Masu jan labule suka fashe da dariya, har daga kan dandamali aka yi musu tsawa su yi shiru.

An fara ɗaukar fim a ranar da aka tsara. Jarumi ya yi ta kai-komo a gaban kyamara ko za a yi kuskure a ɗauke shi, har ya gaji ya haƙura. Ba a gama haɗa fim ɗin ba sai bayan aurensu.

Ranar da aka haska shi, a wannan zauren, su Gwaggo ne a kujerun gaba, karo na farko a rayuwarsu. Da aka gama, jama'a suka miƙe suna tafi, suna kiran mai fitilu ya fito.

Auta ta waiga, kujerarsa ba kowa. Ta kutsa bayan labule tana nemansa, ta same shi a tsaye gaban makunnan fitilu.

"Masoyi, kai suke kira!"

"Na ji."

"To me kake yi a nan?"

"In na fita, wa zai haska ki?" Ya yi murmushi, ya ɗora hannu a kan makunni. "Je ki, amaryata. Ki tsaya a tsakiya."