Auta da Launin da Ya Gudu

Auta tana aji huɗu a firamare. A ajinsu babu mai kama ƙafarta a Turanci. Tana da wani ɗan littafi da take tara kalmomi a ciki, kowace kalma da ma'anarta guda ɗaya. Wata Juma'a ta dawo gida da maki goma cif, ta yi ta zagaya tsakar gida tana nuna takardar.

"Yanzu babu Turancin da zai gagare ni," in ji ta.

Yayarta, wadda ke karatun aikin jinya, ta yi dariya. "To, Baturiyar gidanmu, Allah ya ƙara basira."

Washegari ranar wanki ce. Mama ta tara kaya kusa da famfo. A ciki akwai farar rigar Yaya, wadda za ta saka ranar Litinin ta fara koyon aiki a asibiti. Ita ke nan gare ta, guda ɗaya tak. Akwai kuma wani sabon tawul ja wur da Baba ya sayo.

Mama ta ga wani ɗan ƙyalle a bakin tawul ɗin, da rubutu ƙanana. "Auta, zo ki karanta mini. Me suka ce a nan?"

Auta ta karanta a hankali. "Colour may run."

Ta san colour, launi ke nan. Ta san run, gudu ke nan. To amma launi zai gudu? Ya gudu ya je ina? Da wace ƙafar? Ta juya tawul ɗin, ta sake karantawa. Rubutun bai canza ba.

Yaya tana cikin ɗaki tana karatu, taku biyar ne tsakaninsu. Auta ta kalli ƙofar, sai ta tuna cika bakin da ta yi jiya. Kunya ta kama ta.

"Ke nake jira," in ji Mama.

"Cewa suka yi... tawul ne na masu wasan gudu."

"Shi ke nan? To, jiƙa su gaba ɗaya. Bari in duba tukunya."

Auta ta kaɗa sabulu a baho, ta tura kayan ciki, ta tafi shara. Da ta dawo, ruwan ya zama ja. Ta ɗago rigar Yaya. Rigar ta koma ruwan hoda daga wuya har ƙasa.

Yaya ta fito ta karɓi rigar. Idanunta suka kawo ruwa. Can ta ɗauko tawul ɗin ta duba ƙyallen.

"Ga shi sun rubuta ɓaro-ɓaro. Tawul ɗin yana zuba."

"Zuba kuma? Yaya, ai run gudu ne. Haka yake a littafina."

"A nan zuba ne."

Kan Auta ya ƙara ɗaurewa. Ta yaya za a yi kalma ɗaya ta zama gudu, ta kuma zama zuba?

Mama ta zaunar da ita. "Faɗa mini gaskiya. Da kika karanta, kin gane ko ba ki gane ba?"

"Ban gane ba, Mama."

"To me ya hana ki faɗa? Da kin ce ba ki sani ba, ai da mun kira yayarki."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta. Ta je ta ba Yaya haƙuri.

Mama ta aike ta da rigar wurin mai wanki da guga na ƙarshen layinsu. Ya ɗaga rigar ya girgiza kai. "Allah ya so ba ta bushe ba." Ya jiƙa ta a wani magani mai wari, sannan ya ce Auta ce za ta ɗauraye. Ƙawayenta suna wasa a waje, ita kuwa tana ta ɗauraya da matsewa har hannuwanta suka yi tsami.

Ranar Lahadi rigar ta bushe fara fes, sai wani ɗan tabo a ƙarƙashin kwala, inda ba mai gani. Yaya ta goge ta, ta ja kunnen Auta da wasa, ta ce ya wuce.

Ranar Litinin, ana cikin darasi, Malama ta kalli wani yaro mai mura ta ce, "Your nose is running." Auta ta waiwaya da sauri. Hancin yana nan a fuskarsa, bai je ko'ina ba. Wannan karon ta ɗaga hannu.

"Malama, don Allah, wai run ɗin nan guda nawa ne?" Ta ba da labarin tawul. Ajin ya fashe da dariya, har da ita.

Malama ta ce, "Bari in tambaye ki. Me kika ci da safe?"

"Burodi."

"Ranar Juma'a fa, me kika ci?"

Auta ta tuna makinta goma. "Jarrabawa."

"Kin tauna ta?"

"A'a, Malama."

"In wuta ta ci gida fa, ko ƙungiya ta ci wasa? Kin ga, ke ma kina da irin wannan kalmar a bakinki, ba ta taɓa rikita ki ba. Haka run take. In mutum ne, gudu ne. In famfo ne ko hanci, zuba ne. In inji ne, aiki yake yi. In aka ce mutum yana run ɗin shago, shi ke tafiyar da shi. Kalmomin da ke kusa da ita su za su nuna miki hanya."

Auta ta buɗe littafinta, ta ware wa run shafi guda, ta bar fili a ƙasa saboda ma'anonin da ba ta haɗu da su ba tukuna.

Daga ranar ta daina yanke wa kalma hukunci sai ta karanta jimlar duka. In kuma abu ya shige mata duhu, sai ta ce, "Ban gane ba," ta tambaya. Ta koyi cewa tambaya ba abin kunya ba ce, kuma ta fi ƙirƙirar amsa sauƙi.