Mota Mai Birki Biyu

"Ban ce ka sauke ta ba! Cewa na yi ba haka muka yi da kai ba!"

"To ya kike so in yi, Auta? In ɗauke ta in cusa a but?"

"Ka rage murya mana, tana jinka..."

"Ke dai ki rage taki!"

Tana jinsu kuwa sarai. Gilashin motar a sauke yake, uwar tasa ta hakimce a kujerar gaba da kwando a cinya, tana ɓare dafaffen ƙwai kamar ba da ita ake ba. Ni ina bakin ƙofa da fulas ɗin shayi a hammata, na baza kunnuwa. Ban ɗauka tun ba a tayar da mota za a fara ba kunnena abinci ba.

Bari ku ji yadda aka yi. Auta jikanyata ce, tana aiki a kantin sayar da magani. Saurayinta malami ne a makarantar koyon tuƙi, can suka haɗu. Yarinya ta je koyon mota, ta dawo mana da so. Har magana ta kai ga manya, an tsayar da aure. Ranar Alhamis da yamma sai ga Malam ya faɗo gidanmu yana haki, wai Juma'a hutu, Litinin ma hutu, mai makarantar kuma ya yi tafiya ya bar masa ajiyar makullin motar koyo.

"Zuciyata, gobe mu bar garin nan!" in ji shi. "Akwai wani tafki a bayan duwatsu, ɗan goggona yana kusa da wurin, gidansa za mu sauka. Ba kuɗin mota, ba kuɗin masauki, mai kawai za mu zuba. Kuma ke za ki ja mu. Babban titi, ke a sitiyari, ni a gefenki."

Wannan ta ƙarshen ita ta gama da yarinyar. Ta goge kaya, ta sake gogewa, tana waƙa. Uwarta ta ce ba inda za ta sai da ni. Ni kuwa da ma ko ba a ce ba ƙafata ƙafarsu.

Ummansa dai ba wanda ya gayyace ta. Ta ji shi yana dafa ƙwai da sassafe, ta riga shi shiga mota. Shi kaɗai Allah Ya ba ta, kuma tun da ta ji ana zancen zai kama haya bayan aure take fama da ciwon da likita bai san sunansa ba.

"Iya, ku shigo mana, rana tana yi," ta ce da ni tana murmushi. Auta kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba.

Haka muka shige baya ni da jikanyata, kamar kayan da aka ba da saƙo.

Ba mu fita gari ba Umma ta fara. Turaren wani yana tayar mata da zuciya. Wani ya cika yi wa ɗanta numfashi a ƙeya. Duk sanda Malam ya ɗaga ido ya nemi Auta a madubi, sai uwar ta miƙa hannu ta juyo madubin wajenta, wai ƙwai ya maƙale mata a haƙori. Auta ta shiga murza zoben da ya ba ta. Ni na zuba shayi ina kurɓa.

To ita motar koyo ba kamar motar mutane ba ce. Ina leƙe-leƙena sai na hango wani ƙarfe a ƙasa, daidai ƙafar Umma. Kun san ni da tambaya.

"Angona," na ce, "wannan ƙarfen na gaban Ummanka fa? Na rataye takalmi ne?"

Ya yi dariya. "A'a, Kaka, birki ne. Nan nake zama in ina koyarwa. In ɗalibi zai yi ɓarna sai in taka daga nan, mota ta tsaya ko yana so ko ba ya so."

"Ko yana so, ko ba ya so..." Umma ta maimaita a hankali. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙarfen nan, yadda mace ke kallon zanin da ta yi niyyar saya.

Da rana ta take muka tsaya a gindin wata bishiya, aka ci burodi da ayaba. Umma ta kishingiɗa a mota. Su biyun suka zaga bayan bishiyar, ni ma sai wankin hannu ya kai ni can kusa.

"Fushi kike da ni, rabin raina?"

"Ni na isa?"

"Haba mana. Kalle ni... Don Allah kalle ni. Tsufa ne, ki yi mata uzuri. Da mun shiga ɗakinmu shi ke nan, daga ni sai ke."

"Kullum haka kake cewa."

"Yanzu ma zan nuna miki. Ungo makulli. Duk ɗalibaina ba mai hannunki, ina so Umma ta gani da idonta."

Wayyo yarinta! Nan take fuskarta ta washe. Ta karɓi makullin da hannu biyu, har da ɗan tsalle.

Sai dai da aka zo shiga, Umma ta ce ita ba ta zaman baya. Jiri take gani, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, kuma ba ta haifi ɗa don a mayar da ita but ba. Malam ya sosa ƙeya, ya dubi uwa, ya dubi budurwa, ya zagayo ya zauna kusa da ni. Na matsa masa na ce, "Zo nan, angona, yau dai na same ka."

Ba wanda ya yi dariya.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da jikanyata ce: yarinyar ta iya mota. Ta tashe mu lafiya lau, ko shayina bai girgiza ba. Titi ya miƙe, gonaki na wucewa, iska na kaɗa mata gyale. Na hango gefen fuskarta tana murmushi ita kaɗai. Tun tana ƙarama komai sai an zaɓa mata, makaranta, aiki, har launin mayafi. Tuƙin nan kaɗai ta zaɓa da kanta.

Kwatsam sai ƙiiii! Motar ta dafe a tsakiyar titi ta mutu. Goshina ya gaisa da kujera.

"Innalillahi! Za ta kashe mu!" Umma ta dafe ƙirji.

Auta ta dubi ƙafarta, ta dubi ta Umma. Ta sake tayarwa.

Ba mu yi nisa ba, ƙiiii! Wata motar haya ta kauce mana da kyar, direban ya leƙo ya aiko mana da zagin da ba zan rubuta ba.

"Umma..." in ji Auta, "don Allah ƙafarki..."

"Ƙafata me? Ƙafata me ta yi miki? Kai, kana ji ko? Tun ba ta shigo gidan ba ta fara ƙirga mini gaɓoɓi!"

Ni fa ina kusa da Malam, cinyarmu na gugar juna. Na ga inda idonsa yake. Ta tsakanin kujeru yake kallo, daidai kan silifas ɗin uwarsa da ke kwance a kan ƙarfen nan. Mutumin da wannan birkin ne abincinsa! Sai ya ce:

"Kin saki kuloci da wuri ne, Auta."

"Wane kuloci? Muna tsakiyar tafiya!"

"Ki dai natsu. Ki riƙa lura."

Ta ɗago ta dube shi a madubi. Wannan karon ba wanda ya juya madubin, shi ne ya sunkuyar da kai.

Na ukun a bakin kasuwar wani gari ya same mu. Mutane cike, ga tasha a gefe, ga wata akori-kura maƙare da kwandunan tumatir tana bin bayanmu. Auta na tafiya a hankali, hannu biyu a sitiyari. Ina kallo silifas ɗin nan ya ɗaga, ya sauka da ƙarfi.

Garam!

Fitilar baya ta tarwatse. Kwando ya kifo, tumatir ya bi titi yana gangara. Bakin Auta ya daki sitiyari, leɓenta ya fashe.

"Umma! Umma, ba ki ji ciwo ba?" Abin da ya fara fita daga bakin Malam ke nan. Ya dire ya zagaya ya buɗe ƙofarta yana shafa mata kafaɗa. Wadda ke zubar da jini kuwa ni na miƙa mata gefen zanina.

Kafin ka ce me, an kewaye mu. Mai tumatir ya sauko, ƙato, wuya kamar turmi.

"Wa ya ba wannan mota? Haka ake tsayawa? Ba mutum, ba akuya, ba rami, sai ki dafe kamar an kira sunanki?"

"Yi haƙuri, maigida," in ji Malam, har yana rusunawa. "Ka ga allon makaranta a sama. Ɗaliba ce. Ba ta iya ba tukuna, tsoro ne ya kama ta."

Ɗaliba! Ba matar da zai aura ba, ba ma ƙanwarsa ba. Ɗaliba.

"To ka mayar da ita kicin mana!" wani ya faɗa daga cikin taron, aka kwashe da dariya.

"Fito ki ba shi haƙuri," Malam ya ce da ita, bai ko kalli bakinta ba.

Ta fito. Ta tsaya gaban ƙaton nan da jini a haɓa ta ce ya yi haƙuri. Ta durƙusa tana taya shi tsince tumatir, 'yan kasuwa na nuna ta da baki. Umma na zaune a inuwar mota tana fifita da murfin kwando.

Da taro ya watse muka koma ciki, kowa a mazauninsa. Auta ba ta tayar da motar ba.

"Ka san ba ni na taka ba," ta ce a hankali.

"Auta, ba yanzu ba. Kin san abin da mai makaranta zai yi mini a kan fitilar nan?"

"Ka san ba ni ba ce."

"Umma ko sanin amfanin ƙarfen nan ba ta yi ba!"

"Kaka," ta juyo, hawaye na bin kumatunta, "ke kin gani ai. Ki faɗa."

"Ni idona ya tsufa, 'yar nan," na ce. "Amma na angona garau yake, kuma tun daga gindin bishiya ban ga ya ɗauke shi daga ƙafar Ummansa ba. Ko ba haka ba, angona?"

Gumi ya karyo masa.

"Ni... ban ga komai ba."

Sai Umma ta ajiye murfin kwando ta gyara zama.

"Kai, daina wahalar da kanka. Na taka! Na taka, sai me? Gudu take da ɗana kamar ta sato shi. Yau ta ja mota, gobe ta ja shi ta kai inda ba zan gan shi ba. In ta sake tayarwa ma sai na sake takawa."

To, ga gaskiya ta fito da ƙafarta. Na ce a raina yanzu yaron nan zai buɗe baki ya yi abin da ake kira namiji. Auta ma shi take jira. Ta juyo gaba ɗaya, ta zuba masa idanun nan nata, wallahi ko dutse ne ya narke.

"Kin ji ai," ya ce. "Tsoro ta ji. Don ta kare mu ne."

"Ka ce wa mutane ban iya ba..."

"To me kike so in ce? In tsaya a kasuwa in ce uwata ce?"

"Ka sa na durƙusa a titi!"

"Don kin durƙusa sai me? Ƙafarki ta karye?"

"Ɗazu ka ce duk ɗalibanka ba mai hannuna."

"Haba Auta!" ya daka tsawa. "Ke ma sai ki yarda? Abin da ake gaya wa budurwa ne! Da ba sonki nake ba, da tuni na ce ki haƙura da mota. Yanzu dai ki ba Umma haƙuri, kin ɗaga mata murya. Ki ba ta haƙuri mu wuce, tafkin ya kusa."

Umma ta miƙa wuya tana jiran haƙurinta, har da lumshe ido.

Na sha ganin yarinyar nan tana kuka, tun ranar da ta zo duniya. Ban taɓa ganin kukanta ya tsaya cak irin na ranar ba. Ta goge bakinta da bayan hannu. Ta zare makulli, ta zare zobe, ta ɗora su a cinyar Umma, kan ɓawon ƙwai.

"Ga shi, Umma. Ki haɗa da sitiyarin, kada ki tsaya a birki kawai."

"Zuciyata..." Malam ya miƙo hannu.

"Ɗaliba," ta gyara masa. "Kaka, fito. Ga tasha can."

Na tattara fulas ɗina. Na ɗauki sauran ayabar ma, don mu muka kawo ta. Na fito a hankali yadda shekaruna suka yarda, ina gyara zani, don kada wata kalma ta wuce ni.

"Auta, don Allah! Auta, mutane na kallo! Umma, ki ce wani abu mana!"

Umma ta ɗaga zoben tana juya shi a hasken rana. Ta dubi Auta da ke tsaye riƙe da ƙofar direba, ta ce:

"Ki rufe a hankali. Motar mutane ce."

Auta ta wangale ƙofar iyakar tsawon hannunta, ta maka ta da dukkan ƙarfinta.

Gam!