Auta da Maganin Kunnen Baba

Auta ta fi kowa iya shifta a ajinsu. Malama na faɗar kalma, ita tana rubutawa, ba ta cewa a maimaita. Shi ya sa aka zaɓe ta ta wakilci ajin a gasar makaranta. Tun daga ranar kanta ya ɗan kumbura, har tafiyarta ta canza.

Gasa na matsowa, sai mura ta kama ta. Murar ta tafi, ta bar mata ciwo a kunnen hagu. Yana zugi, yana hana ta sakat. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana tsoron a ce ta zauna a gida, a ba wata gurbinta.

A kan tagar ɗakin Baba akwai wata 'yar kwalba. Maganin da aka ba shi ne bara, da kunnensa ya yi ciwo. Auta ta faki ido ta ɗiga a nata. Da ta ji ba sauƙi, ta ƙara, har ta sosa da murfin biro.

Ranar gwaji a aji, Malama ta tsaya gaban allo tana karantawa. Auta na ganin bakinta yana motsi, amma muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Malama ta karɓi takardarta. "Auta, lafiya? Rabin shafin ba komai."

Auta ta sunkuyar da kai. Nan Malama ta ga wani ruwa-ruwa yana gangarowa daga kunnenta. Ta aika aka kira iyayenta, suka wuce asibiti.

Likita ta haska kunnen da 'yar fitila. "Ciwon yana can ciki, bayan dodon kunne," in ji ta. "Mura ce ta kai shi. Mugunya ta taru har ta huda dodon. Kin zuba wani abu?"

"Maganin Baba," Auta ta ce a hankali.

Mama ta juya ta kalli Baba. "Sau nawa na ce ka yar da kwalbar nan?"

Baba ya sosa ƙeya. "Na ɗauka zai yi amfani wata rana."

"To ga amfaninsa," in ji Mama.

Likita ta nemo katin asibitin Baba na bara, ta duba. "Ciwon babanki daga waje ne, naki daga ciki. Ciwon kunne iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Wani maganin, in ya bi ta huji ya shiga ciki, yana iya ɓata ji."

Auta ta ɗago kai. "Zan kurmance ke nan?"

"A'a. Ki sha maganin da zan ba ki har ya ƙare, ko kin daina jin ciwo. Kada ruwa ya shiga kunnen, kada kuma ki cusa masa komai."

Gurbin gasa ya tafi hannun wata. Auta ta zauna cikin 'yan kallo, ta tafa mata, amma ranta bai yi daɗi ba.

Da ta koma asibiti, likita ta ce hujin ya toshe. Ta rufe mata kunnen dama, ta yi raɗa a na hagu. "Kina ji na?"

"Sarai," in ji Auta, tana dariya.

Malama kuma ta ce za a sake gasa a zango mai zuwa, ta shirya.

Auta ta koyi darasi. In kunne ya yi ciwo, a faɗa da wuri, a je asibiti. Maganin wani ba naka ba ne, ko da na babanka ne.