Awa Ɗayan Da Auta Ta Manta

A ɗakin taron ofis rigimar ta tashi, bayan baƙi sun sauka daga kan allo, ma'aikata sun watse. Auta na rufe kwamfutarta, Tafinta ya zare abin kunnensa ya dangwarar a kan tebur.

"Yau kin haɗa mutanen ƙasa huɗu a kan allo ɗaya, ba wanda ya makara," in ji shi. "Amma yayyenki biyu kacal sun gagare ki?"

Auta ta sunkuyar da kai tana naɗe igiyar caji kamar ba da ita yake ba.

Aikinta ke nan a kamfanin, wanda ke sayo injinan ban ruwa daga waje: tsara lokacin taro. Kullum shafin da ke nuna agogon ƙasashe a buɗe yake a gabanta. Ta san inda ake cin abincin rana lokacin da su suke karyawa, ta san ƙasar da hutun makonta ya saɓa da nasu, ta san masu tura agogonsu gaba in zafi ya gabato, su mayar da shi baya in sanyi ya shigo. Ko manaja ba ya sa baki a lissafinta. Shi kuwa Tafinta shi ke juya maganar baƙin zuwa harshen gida, kuma a nan ɗakin ya fara juya mata kai da barkwancinsa, har so ya kama su su biyun, kamu na gaske.

Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, maganar aurenta tana hannun yayyenta maza. Yaya Babba yana can wata ƙasa ta yamma inda rana ke makara, Yaya Ƙarami yana can gabas inda take sammako. Abin da Tafinta ke roƙo bai taka kara ya karya ba: a haɗa shi da su a waya ya gaishe su, sannan ya turo kawunsa. Amma duk sanda ya tada maganar sai Auta ta kawo masa lissafi. Wai in gari ya waye wa wannan, wancan ya kwanta. Wai wannan makon Yaya Ƙarami aikin kwana yake yi. Wai a bari wata ya kama.

"Kawu ya fara nuna mini 'ya'yan abokansa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni kuma ke nake so, Autar Umma, ke kaɗai. Amma in ba kya so na, faɗa mini da bakinki. Kada ki bar agogo ya faɗa mini."

Maganar ta soke ta har cikin rai. Ta ce masa ranar Lahadi, bayan la'asar, ya zo gida, za ta haɗa su. Ta faɗa ne kawai don kada ya ga hawayenta, ta suri jakarta ta fita.

Ina ma ya san ba agogo ne ya tsare ta ba! Umma ce.

Umma tela ce a da, irin telan da ake layi a ƙofarta, mace mai tsafta da ji da kai, wadda ko shara za ta fita zubarwa sai ta gyara ɗaurin kallabinta. Ciwon rawar jiki ya same ta bayan 'yan mazan sun tafi. Kafin ta sha magani jikinta sandarewa yake yi, hannu na karkarwa, murya ta shige ciki, ko kofi ba ta iya kaiwa baki. In ta sha, bayan kamar awa ɗaya sai jikin ya saki, ta dawo Ummar da kowa ya sani, har da tsiya da dariya. Daga baya kuma abin ya sake dawowa.

Tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon Umma ta kama hannun Auta ta sa ta yi alkawari: kada 'yan mazan su sani. Babban bai daɗe da samun gindin zama ba, ga yara a makaranta, ƙaramin kuwa karatu yake haɗawa da aiki. In suka ji, za su watsar da komai su taho, ita kuma ba za ta zama sanadin rushewar abin da suka sha wuya suka gina ba.

To, sai Auta ta mayar da gwanintar ofis gida. Ita ke kiran yayyen, ba ta bari su kira. Sai ta ba Umma magani, ta yi mata wanka, ta shafa mata hoda, ta zizara mata kwalli, ta jira jikin ya saki, sannan ta danna kira. Su kuma su ga uwarsu ras a kan kujera, su ce kai, Umma kullum ƙara yarinta take yi. Shi kansa Tafinta bai taɓa zuwa gidan ba sai a lokacin da ta yanka masa.

Yanzu in ta yi aure ta tafi, wa zai ɗaga Umma da safe? Yayyen za su ce ai lafiyarta lau, a samo mata yarinyar aike ya wadatar. Zama a gidan suruki kuwa, Umma ta ce ko a mafarki. Ga son Tafinta yana cin ta, ga alkawari ya ɗaure mata baki. Wallahi yarinyar nan ta ga ta kanta.

Da ta koma gida ranar, a tsaye a kicin ta tura wa yayyen saƙo, kowa da lokacin da zai hau bisa agogon ƙasarsa. Ta rubuta wa Yaya Babba ƙarfe goma na safe. Ba ta buɗe shafin agogon ba. Me za ta duba, abin da ta haddace kamar sunanta? Dabararta ita ce a yi gaisuwar, sannan ta nemi a ɗaga maganar zuwa baɗi. Ranar Asabar ta laɓe a bayan ƙofar kicin ta kira Tafinta tana share fage, tana roƙonsa ko me ya ji gobe ya ƙara haƙuri da ita. Ya ce Allah ya kai mu.

Lahadi da rana ta jera komai a kan gado: mayafin Umma mai ruwan toka, hoda, kwalli, turare. Ta jingina kwamfuta a kan teburin falo, ta saita ta daidai kujerar Umma. Saura awa guda, lokacin magani ya yi. Umma na zaune a sandare cikin tsohuwar rigar barci, kai ba kallabi, furfura a barbaje. Auta ta kai mata kofi baki, hannun Umma ya buge shi, ruwa ya jiƙe mata gaban riga, ƙwayar maganin ta gangara ƙarƙashin kujera.

Sai kwamfuta ta hau ƙara. Hoton Yaya Babba ne a kan allo.

Auta ta dubi agogon bango, ta dubi allon. A daren jiya ne ƙasarsu Yaya ta tura agogo gaba! Ita da ta bi tarukan ofis ɗaya bayan ɗaya ta gyara saboda wannan canjin, ta manta da na gidansu. Ƙarfe goma ta yi a wajensa, kuma ɗoki ya hana shi jiran ta kira.

Ta miƙa hannu za ta katse.

"Ɗauka," in ji Umma, da wannan muryar tata da sai an kasa kunne.

"Umma, ba ki sha magani ba... Dubi rigarki..."

"Na ce ki ɗauka."

"Ke fa kika sa na yi alkawari."

"Ni na sa ki, ni kuma na sauke miki." Umma ta numfasa, kalmomin na fita ɗaya-ɗaya. "Hannuna ne ke rawa, Auta, kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji ki jiya a bayan ƙofa. Ina tattalin 'ya'ya biyu, ashe ina cinye ta ukun."

Hawaye ya ɓalle wa Auta. Ta danna, ta ɗauki kiran.

Yaya Babba ya bayyana cikin farar riga, da kofin shayi a hannu, bakin nan har kunne. Ya fara tsokana tun kafin hoton ya daidaita, wai ina angon, ko tsoro ya sa ya gudu? Sai idonsa ya sauka a kan kujera. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye kofin a hankali, ya matso da fuskarsa har ta cika allon.

"Umma...?"

Umma ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu ta amsa masa, hannun ya yi ta kaɗawa a iska ya koma kan cinya.

Ya tambayi tun yaushe. Auta ta faɗa masa. Nan take ya hau ta da faɗa, faɗan mutumin da tsoro ya kama: ta yaya za ta ɓoye musu abu irin wannan, su ba 'ya'ya ba ne, ko ita kaɗai aka haifa? Auta kuka kawai take yi. Umma ce ta tsayar da shi. Ta ce ya rufe mata baki, ita ta hana, kuma yarinyar da yake yi wa tsawa ita ke juya ta a kan gado, ita ke yi mata wanka kafin ta tafi ofis, ita ke rugowa gida lokacin da abokan aikinta ke cin abinci. Kafin ta gama maganar nan gumi ya keto mata, amma sai da ta kai ƙarshe.

Yaya Babba ya dafe kai. Ƙato guda, mai 'ya'ya uku, ya fashe da kuka kamar yaron da aka manta a kasuwa. Yana ta maimaita cewa shi ya sa kullum bayan la'asar, shi ya sa in ya kira ba a ɗauka sai a ce ana wanka. Shi yana can yana yi wa abokansa alfahari da ƙarfin uwarsa.

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Tafinta ne, wanda bai taɓa iya zuwa wuri a kan lokaci ba, sai dai kafin lokaci. Ya sha sabon ɗinki, da ledar lemo a hannu. Auta ta daskare. Umma ta ce a shigo da shi, yau ranar gani ce, kowa ya gani.

Ya shigo, ya ga Umma, ya ga ruwa a ƙasa, ya ga mutum na kuka a kan allo. Bai tambayi komai ba. Ya ajiye ledar, ya durƙusa ya gaishe da Umma yadda ya saba, sannan ya ɗauki tsumman da ke hannun kujera ya goge ruwan da ke gaban ƙafafunta, da sabon ɗinkin nasa da komai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Da wannan kike fama ke kaɗai," ya ce wa Auta a hankali, "ni kuma ina binki da gori? Yafe mini, masoyiyata. Ko shekara nawa ne zan jira."

"Ba za ka jira ba," in ji Yaya Babba daga allo, yana share fuska da hannun riga. "Kai ne Tafintan? To, ka turo kawunka ƙarshen wata, zai same ni a falon nan. Zan nemi hutu in taho, in sun hana in ajiye musu aikinsu. Ƙaramin kuma ni zan kira shi da kaina, mu tsara yadda za mu riƙa karɓar juna." Ya juyo wajenta. "Auta, uwar nan tamu ce mu uku. Kin yi naki har kin yi namu. Ki yi aurenki, ƙanwata."

Umma ta buɗe baki za ta yi musu, Yaya Babba ya ce wannan karon kam ba zai ji maganarta ba, ta yafe masa. Ta harare shi da gefen ido, ta ƙyale shi.

Auta ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta zauna a hannun kujera tana kuka tana dariya. Daɗi take ji, daɗin da ta manta kalarsa. Sai can ta tuna har yanzu Umma ba ta sha magani ba. Ta ɓallo wata ƙwayar, Tafinta ya cika mata kofin, ta tsaya tsakanin Umma da allon don ta kare ta, yadda hannunta ya saba.

"Matsa gefe, Auta," in ji Yaya Babba. "Juyo da allon sosai. Nuna mini yadda kike riƙe mata kofin, in fara koya."

Ta matsa. Ta tallafo ƙeyar Umma da hannun hagu, ta kai kofin bakinta a hankali, shi kuma daga can inda har yanzu hantsi ne ya ɗaga nasa hannun yana gwadawa.